Babur ɗin Ƙanƙara a Garejin Tsohon Bakanike

Ina cikin shekarata ta shida a aikin kula da tsofaffi a gidajensu lokacin da ofishinmu ya tura ni tsibirin Staten Island, can ƙarshen birnin. Daga Harlem nake tashi bayan sallar asuba, in shiga jirgin ƙasa zuwa ƙarshen Manhattan, in tsallaka a babban jirgin ruwa zuwa tashar St. George da ke tsibirin, sannan in hau bas. Awa biyu ba kaɗan, zuwa kawai. Abokan aikina duk sun ƙi wurin saboda nisa. Ni na karɓa ne don an ce tsohon ba ya duka, ba ya tofa wa mutum yawu, abin da na sha har na gode Allah a gidan da na baro.

Bature ne, shekararsa saba'in da tara. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama, ƙafar dama kuma sai ja, bakinsa ya karkace. Magana tana fita, amma sai ka yi haƙuri ka jira ta. Matarsa ta rasu tun kafin ciwon. 'Ya'yansa biyu: macen tana aure a New Jersey, takan leƙo ran Lahadi, namijin kuwa yana wata jiha mai nisa, sai dai waya jifa-jifa. Kafin ya kwanta, injinan jiragen ruwa yake gyarawa. Ranar farko da na kira shi Baba ya ce shi ba ubana ba ne. Na ce masa a wurinmu duk mai furfura uba ne. Ya ɗaga kafaɗar da ke motsi, daga nan bai sake hana ni ba.

Wata huɗu muka yi ba mu wuce gaisuwa da maganar magani ba. In yi masa wanka, in yi masa aski, in ba shi abinci, in tura kekensa na marasa lafiya bakin taga ya zauna yana kallon titi har la'asar. Ba ya neman komai, ba ya ƙorafi, kuma rabin abin da ke cikin faranti shi nake zubarwa.

Wata rana birkin kekensa ya saki. Maimakon in kira ofis a yi mako ana jiran mai gyara, sai na shiga gareji na buɗe akwatin kayan aikinsa, na ɗauko sifana na ɗaure notin. Da na ɗago, na tarar ya zuba wa hannuna ido.

"Wa ya koya miki riƙe sifana?" in ji shi.

Na gaya masa mahaifina bakaniken babura ne a Kano, mu mata ne muka fara zuwa masa, ni ce babba, don haka ni nake miƙa masa kaya kafin mahaifiyata ta ce na yi girma da zaman gareji. Tsohon ya ce da gani, domin na ɗauko lambar da ta dace ba tare da na gwada biyu ba. Wannan ce doguwar maganar da muka fara yi.

A cikin garejin akwai wani abu a lulluɓe da tamfol wanda na sha kewayewa in zan ɗauko shebur. Babur ɗin ƙanƙara ne. A gaba ba shi da taya, sai wasu takalma biyu dogaye da suke zamewa a kan dusar ƙanƙara. A baya kuma wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, irin na tankar yaƙi, shi yake tura shi. A cikin birni ba a hawansa. Tsohon ya ce a da duk hunturu yakan ɗora shi a 'yar tirelar da ake ɗaurawa bayan mota su tafi arewacin jihar shi da ɗansa, su yi ta gudu a kan tafkin da ya daskare.

A tsakiyar Nuwamba ɗan ya bugo waya. Ni na riƙe wa tsohon wayar a kunnensa na hagu, don haka na ji abin da aka ce: zai zo bayan sabuwar shekara, kuma zai ɗauki babur ɗin. Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Washegari ina shiga ya ce in tura shi gareji.

Na yaye tamfol. Ko ni da ban san abin ba na ga bayansa ya zauna, kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Baba ya ce tun hawansa na ƙarshe yake jin bayan yana bugun ƙasa in an faɗa rami, ya yi niyyar gyarawa, ciwo ya riga shi. Ɗansa kuma ƙato ne. In ya hau shi a haka, duk wani tudu da kwari a ƙashin bayansa zai sauka.

"Hannuna ya mutu," ya ce, "amma kaina bai mutu ba. Ke kina da hannu."

Na san dokar aikinmu. An hana mu ɗaga kaya masu nauyi, an hana mu gyare-gyare, an kuma ce kada mu fitar da mara lafiya cikin sanyi ba dalili. Na gaya masa haka. Bai roƙe ni ba. Ya ce to, in mayar da shi bakin taga. Da rana na kawo miya, ya sha cokali biyu ya kau da kai. Kwana uku muna haka. A na huɗu na naɗe shi da bargo biyu, na sa masa hula, na kunna 'yar hitar ɗumama ɗaki da ke garejin, na tura shi ciki.

Awo muka fara yi. Ya sa na jingina sandar mofar goge ƙasa a tsaye kusa da ƙarfen baya na babur ɗin, na matso da kekensa, na damƙa masa alli a hannun hagu. Na kama ƙarfen na ɗaga bayan har ya miƙe iyakarsa, ya ja layi a jikin sandar. Na sake shi, na hau na zauna, ya ja layi na biyu. Layukan a karkace suke saboda hannun hagu ne, amma suna karantuwa. Na auna tsakaninsu da tef, inci biyar. Ya ce bai kamata ya wuce huɗu ba, kuma ni nauyina bai wuce rabin na ɗansa da wani abin kirki ba.

Sai ya sa na durƙusa na leƙa cikin bel ɗin. Akwai sifirin biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne naɗaɗɗen ƙarfe ne mai doguwar ƙafa. Ɗayan bakin kowane sifirin yana kwance a kan wani ɗan dunƙulen roba mai tauri, mai fuska uku, wata ta fi wata tudu. In ka juya dunƙulen zuwa fuskar da ta fi tudu, sifirin ya ƙara tauri, bayan ya ɗaga. Da sifanar fulogi ake juyawa. Ya ce duk abin da na yi wa dama in yi wa hagu, in ba haka ba babur ɗin zai riƙa ja gefe guda. Na juya su zuwa ta tsakiya, muka sake awo. Na juya zuwa ta ƙarshe, muka sake. Da ni a kai ya dawo inci uku da rabi. Na yi murna, shi bai yi ba. Ya ce sai an sami mai nauyin ɗansa.

Maigidana mutumin Zangon Kumasi ne ta Ghana, tasi yake tuƙawa, kuma Allah ya ba shi jiki. Ran Talata yake hutu. Da na kawo masa maganar muna karyawa, ya ajiye kofin shayinsa.

"Hajiya, wankan tsoho aka ɗauke ki ko kanikanci?"

"Zama kawai za ka yi, Alhaji. Minti goma."

"In ofis suka ji fa?"

"Wa zai gaya musu?"

Ya ce shi dai ya faɗa, kada in ce bai faɗa ba. Amma ran Talata ya biyo ni har jirgin ruwa, yana ta mita a kan iskar da ke kaɗawa. Ya gaida tsohon da ladabi, ya tattare rigarsa ya hau. Babur ɗin ya nutse har na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Baba bai ma ja layi ba. Ya ce sifirin sun mutu, babu sauran juyin da zai tashe su. Ya nuna wani kanta a sama da haɓarsa. A can bayan gwangwanayen fenti akwai kwali, a ciki sababbin sifirin biyu da ya saya tun kafin ciwo, ko ledarsu ba a yage ba.

Talata huɗu aikin ya ci mana, ban da abin da nake taɓawa ni kaɗai a sauran ranaku bayan na gama wanka da magani. Muka rataye bayan babur ɗin da sarƙa a jikin ƙarfen rufin garejin. Notin da ke riƙe da sandar da sifirin suke kai ya yi tsatsa, kwana biyu ina fesa masa mai kafin ya motsa. Baba yana gefe cikin barguna yana ba da umarni, kuma a nan na ga halinsa na da. Ba shi da haƙuri ko kaɗan. In kalma ta maƙale masa, ni kuma na ɗauko abin da ba shi yake nufi ba, sai ya buga hannun kekensa yana zagin kansa. Sau ɗaya ya yi jifa da kofinsa ya fashe a bango, sannan ya fashe da kuka, yawu yana zuba ta gefen bakin da ya karkace. Na goge masa fuska, na share ɓaraguzan, muka ci gaba. Shi ya sa na goge duk sandunan ƙarfen na cika su da giris, ya ce rabin taurin da mutane ke ɗora wa sifirin, bushewar nan ce.

Garejin akwai sanyi. Hitar ƙafafunsa kawai take ɗumamawa. A mako na biyu ya fara wani ɗan tari. Na ce mu dakata, ya ce tarin tsufa ne. Na ba shi ruwan zafi da zuma, na bar maganar, domin ni ma a lokacin aikin ya shiga raina. Rabona da in yi wani abu da hannuna in ga ya tashi, ba wanki da goge-goge da gobe za a maimaita ba, har na manta.

A Talata ta uku muka saka sababbin. Sai an danna doguwar ƙafar sifirin da ƙarfi kafin ta hau mazauninta. Maigidana yana dannawa da ƙarfen cire taya, ni ina daidaita ta da hannu. Ta dama ta hau lafiya. Ta hagu ta kuɓuce. Ban ji zafi nan take ba, sai da na ga jini a kan siminti. Farcen yatsana na tsakiya ya tafi, kan yatsan ya fashe. Maigidana ya naɗe mini shi da hankicinsa. Baba ya yi fari fat, yana ta maimaita cewa laifinsa ne, ya kamata ya ce in sa safar hannu. A asibiti aka ce ƙashin ya tsage. Da suka tambayi yadda aka yi, na ce ƙofar mota ce. Haka na gaya wa ofis, haka na gaya wa 'yarsa ran da ta gani.

Maigidana ne ya ƙarasa ɗora ƙafar ta hagu a makon da ya biyo. Na zaci ba zai sake taka gidan ba, amma ya ce abin da ya ci yatsa ba a barinsa rabi. Muka sauke bayan daga sarƙa, muka mayar da dunƙulen biyu fuskar tsakiya, ya hau. Baba ya ja layi. Inci uku da ɗan ɗoriya. Ya ce wa maigidana ya tashi tsaye ya faɗo da ƙarfi. Ya yi, babur ɗin ya nutse a hankali ya dawo, babu ƙarar ƙarfe. Ya sa shi ya maimaita har sau biyar, ƙaton mutum da hular sanyi yana tsalle a kan abin da bai taɓa ganin yana tafiya ba. A nan na fara jin dariyar tsohon, ta ɓarin baki ɗaya, ta ƙare da tari. Injin kuwa ya ce kada mu taɓa, ɗansa ya san shi ciki da bai.

Ɗan ya iso a mako na biyu na Janairu, da hantsi. Ina kallonsa ta taga yana fitowa daga mota. Sai da ya juyo da ƙafafunsa duka biyu waje, ya kama ƙofa, sannan ya miƙe a hankali, ya ɗauko sanda daga kujerar baya. Mutum ne mai shekara hamsin da wani abu, mai ladabi, da gajiya a fuskarsa. Bayan sun gaisa da uban, ya same ni a kicin. Na gaya masa abin da muka yi, don na ga gara ya ji daga bakina kafin a kai shi gareji.

Ya ce an yi masa aiki a ƙashin baya shekara biyu da suka wuce, likita ya hana shi ko keken yara, kuma ya gaya wa mahaifinsa a lokacin. Da ya ce zai ɗauki babur ɗin, nufinsa ya kawar da shi, don shi da 'yar'uwarsa sun yanke shawarar sayar da gidan su kai tsohon gidan kula da tsofaffi. Mai sayen babur ɗin ma gobe zai zo.

"Ya san maganar gidan?" na tambaye shi.

"Yau za mu gaya masa."

"To ka bari ya nuna maka babur ɗin tukuna."

Na tura Baba gareji, ɗan yana biye da mu. Baba ya ce masa ya hau. Ɗan ya ce, "Baba, bayana." Tsohon ya ce ai saboda bayan nasa aka yi aikin, ya hau kawai. Ɗan ya jingine sandarsa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya zauna yana cije leɓe. Babur ɗin ya sauka daidai inda muka auna.

"Ka ji?" in ji Baba.

"Na ji. Ya yi kyau."

"Ita ta yi. Da mijinta."

Ɗan ya dube ni, ya dubi yatsana da ke naɗe, ya yi godiya. Ban san ko a ranar suka gaya masa maganar gidan ba, domin 'yar ta iso da yamma, lokacin tashina ya yi.

Washegari mai saye ya zo da tirela, wani siririn mutum mai jar hula. Na kai Baba ɗakin baya na kunna masa talabijin, na ƙara murya. Da na fita zubar da shara na ga mutumin ya hau babur ɗin yana girgiza shi. Ya ce wa ɗan bayan ya yi masa tauri. Ya zaro sifana daga aljihunsa, ya durƙusa, ya mayar da dunƙulen biyu fuskar ƙasa. Bai yi minti biyu ba. Mutumin ya ja shi kan tirela, ya ɗaure, ya tafi.

Na koma ɗaki na tarar Baba ya kashe talabijin da hannunsa na hagu.

"Ba motar ɗana ba ce ta ja tirelar," ya ce. "Na san ƙarar motarsa."

Na ce masa e, wani ne ya saya. Ya tambaya ko mutumin mai jiki ne. Na ce siriri ne. Ya gyaɗa kai, ya ce in kai shi ya kwanta.

Kwana huɗu bayan haka zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, na kira motar asibiti. Aka ce ciwon huhu ne. 'Yarsa ta riga ta ji labarin garejin daga ɗan'uwanta, wanda ya ba ta shi da nufin yabo. Ita ba haka ta ɗauka ba. Ta tare ni a barandar asibiti, ba ta ɗaga murya ba, ta tambaye ni sau nawa na kai mahaifinta cikin sanyin nan. Na gaya mata gaskiya. Ta tambayi yatsan, shi ma na gaya mata gaskiya. Washegari ofis suka kira ni. Suka cire ni daga gidan, suka rubuta mini gargaɗi, suka dakatar da ni mako biyu. Ban yi musu ba, domin babu abin da ta faɗa da ba haka ba ne. Likita bai ce garejin ne ya jawo ciwon ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Na ji tarin tun farkonsa, na ba shi zuma na ci gaba da aiki. Maigidana ya ce komai da ajalinsa, kuma tsohon da kansa ya zaɓa. Na yarda da ta farkon. Ta biyun har yau ina juya ta, don ni aka ɗauka in ce a'a a inda shi ba zai iya ce wa kansa ba.

Daga asibiti bai koma gidansa ba, kai tsaye aka wuce da shi gidan tsofaffin. Ɗan ne ya turo mini adireshin. Na je sau ɗaya, wata Asabar a cikin Maris. Na same shi a wani dogon ɗaki tare da wasu tsofaffi, an jera su gaban talabijin. Ya rame ƙwarai, an yi masa aski an bar gashi a ƙarƙashin haɓa. Ya gane ni, ya kama hannuna, amma maganar ta ƙara lalacewa, cikin kalma goma da ƙyar na tsinci biyu. Ma'aikaciyar da ke kula da ɓangaren 'yar Ghana ce, muka gaisa da Hausa, ta bar ni na ba shi abincin rana. Ya ci kaɗan. Na nemi reza a wurinta na gyara masa askin, na shafa masa mai, na zauna har ya yi barci.

Na yi niyyar komawa. Amma an riga an ba ni wata tsohuwa a unguwar Bronx wadda ba a barinta ita kaɗai ko na awa ɗaya, har da Asabar, sannan azumi ya shigo. A bayan salla ƙarama ɗan ya turo saƙo cewa mahaifinsa ya rasu, an binne shi kusa da matarsa. Ina tsaye a kicin ɗin tsohuwar na karanta, tukunyar ruwan zafinta tana kan wuta. Na rubuta masa ta'aziyya da ɗan Turancina, na sa wayar a aljihu, na juye ruwan na kai mata.